Aljihun Dama na Taguwar Baba

Yelwa, Bauchi.

Zuwa ga Yaya Istifanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Charity da yara. Allah ya tsare ku a Fatakwal, ya ƙara muku lafiya. Hawan jinin Mama ya ɗan sauka, Gift kuma ta koma makaranta. Zancen Baba ka riga ka ji ta waya, an yanke ƙafar ranar Talata, sama da gwiwa. Akwai abin da ba ka ji ba, shi ya sa na ɗauki biro, don bakina ba zai iya faɗarsa ba.

Ka san Baba da zaɓen harsashi, sai ya share awa guda yana jujjuya su kamar mai sayen ƙwai. Iri biyu yake saye, mai ƙananan ƙwayoyi na harbin fakara, da mai manyan ƙwayoyi wanda ke kai nesa ya kayar da babbar dabba. Duka jajaye ne, lamba kawai ta raba su, shi kuwa idonsa ya daina ganin lambar, tabarau ma ya ƙi, taurin kai dai irin nasa. Ashe sai ya yi wa kansa doka, manya a aljihun dama na taguwar farauta, ƙanana a hagu. Wallahi ban san da wannan ba sai a asibiti.

Kwana biyu kafin abin ya faru na ga taguwar a rataye, ta yi baƙi ƙirin, wari ba a magana. Na zazzage harsasan cikin kwano ɗaya, na wanke ta tas, na raba su biyu yadda hannuna ya kama na mayar, har ina jin daɗi wai na yi abin kirki. Ranar Asabar ya tafi gonarmu ta Zungur inda gyado, wato aladen daji, ya addabi rogo. Ya hango shi daga nesa, ya ciro daga aljihun dama, ya ɗura, ya harba. Na fakara ne, Yaya. Bai yi wa dabbar komai ba sai fusata ta, ta yo kansa ta farke masa cinya da haure. Sai da rana ta take wani makiyayi, Hammajoda, ya tsince shi.

Duk wanda ya zo dubiya, Baba na gaya masa tsufa ne ya kama shi, ya kasa bambanta damarsa da hagunsa. Abokan farautarsa har sun fara cewa kansa ya taɓu, ina ji ina haɗiye kuka. Jiya bayan sun fita ya kama hannuna, ya ce rabon da taguwarsa ta yi ƙamshin sabulu irin na ranar nan tun yana saurayi, Allah ya yi mini albarka, kada kuma ya ji na ɗaga zancen wanki gaban kowa. Yaya, ya sani. Tun ranar ya sani, ya ba da ƙafarsa, yanzu kuma yana ba da sunansa saboda ni. Na rasa yadda zan yi, in bi umarninsa ko in faɗa wa Mama. Don Allah ka amsa mini da wuri.

Ka gaida Anti Charity, da Prosper da Fortune. Mama da Gift suna gaishe ku. Taguwar tana ɗakina, na kasa taɓa ta.

Ƙanwarka,
Agnes