Sunan Auta a Layi na Talatin da Ɗaya

Assalamu alaikum Anti. Ki yi mini afuwa da zan ɗora miki nauyin wannan doguwar wasiƙa, na san waɗanda damuwarsu ta fi tawa suna nan suna jira. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Don Allah ki taimake ni.

Shekarata goma sha shida ina aiki a ofishin wani kamfani mai raba magunguna ga ƙananan asibitoci. Ni ba wata gwanar kwamfuta ba ce, amma an taɓa tura mu kwas aka koya mana haɗa manhaja irin mai sauƙin nan, wadda akwatuna kawai za ka riƙa jawowa kana jerawa. Da ita na haɗa 'yar manhajar da ake raba wa direbobinmu hanya. Kullum da safe ni nake loda mata sunayen direbobin da ke bakin aiki, da hannuna.

Cikin direbobin nan akwai ƙanena, autanmu. Yana da shekara biyu mahaifiyarmu ta rasu, a bayana ya girma, aikin ma ni na nema masa. Sunansa ne na talatin da ɗaya a jerin direbobin. Duk safiya sai ya ƙwanƙwasa tagar ofishina da makullin mota, ya ce wai na sake haɗa shi da hanya mai ramuka don ina baƙin cikin ya fi ni kyau. Wata biyar ke nan da ya yi jinyar kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da na koma aiki, na zo kan layinsa, yatsana a kan maɓallin gogewa, na kasa. Na ce gobe. Goben ce har yau. Na dai riƙa barin gurbin motarsa ba komai. Mai raba hanya na lokacin, dattijo ne, ya gani ya kawar da kai.

Sai ogammu ya ce a daina lodin hannu. Duk bayanan kamfani yanzu suna wani babban rumbu a intanet, yana so in jona manhajata da shi kai tsaye: duk wanda ya buɗe ta, ta aika wa rumbun tambaya, ya ba ta amsar wannan lokacin, ba ta jiya ba. Aikin bai kai na rabin yini ba. Na sa adireshin rumbun, na sa makullin shiga da aka ba ni, na danna gwaji. Nan take sunaye suka fito, talatin cif. Rumbun ba ya kara, Anti. A can an riga an rubuta cewa Auta ya bar aiki, da dalili, da kwanan wata. Na daɗe ina kallon wurin da ya kamata ya kasance, sannan na cire mahaɗin na koma lodin hannu. Mako bakwai ke nan duk sanda oga ya tambaya sai in ce ana kan gwaji.

Makon jiya abin ya fashe. Dattijon nan ya yi ritaya, aka kawo wata baiwar Allah daga wani reshe, ba ta san Auta ba. Ta ga direba ba a ba shi hanya ba, ta rubuta masa kwalin allurar masu ciwon suga. Kwalin ya zauna a ɗakin sanyi har bayan azahar. A asibitin can mutane suna kan benci tun safe, wani tsoho har jiri ya kayar da shi. Alhamdulillahi ya farfaɗo. Sabuwar mai raba hanyar aka bai wa takardar gargaɗi, ga shi ba a tabbatar da ita a kujerar ba tukuna.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ta ji waye mai sunan, sai ta shigo ofishina idonta jawur tana ba ni haƙuri, wai ta tayar mini da mikin rashin ɗan'uwana. Ni kuma na buɗe baki na ce mata ba komai.

Tun muna makarantar allo aka karantar da mu nauyin amana da na haƙƙin wani. Na sani sarai, ba jahilci ba ne. Amma idan na jona mahaɗin nan, ji nake kamar da hannuna na sake binne shi. Idan na faɗi gaskiya kuma, da wane ido zan kalli matar nan? Har na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakata. Ina roƙonki ki amsa mini da wuri, don ranar Litinin za a zauna a kan maganarta.

Taki,
Yayar Auta

*

Wa alaikumus salam Yayar Auta. Allah ya jiƙan ƙaninki, ya sa ya huta, ya ba ki dangana. Ba ki dame ni ba ko kaɗan.

Na fara da takardar da ke jakarki: ki yaga ta. Idan kika tafi, kin tsere da kunyarki, gargaɗin kuma ya zauna a fayil ɗin matar nan. Ajiye aiki ba zai wanke ta ba.

Ba zan ce miki ba ki yi laifi ba, domin ke ma ba za ki yarda ba. Barin sunan a makon farko rauni ne irin na ɗan'adam, wanda ya goyi yaro ya kai shi makwanci ba zai zarge ki ba. Ofishinku ma da nasa: wata biyar jerin sunaye yana hannun mutum ɗaya mai ɗanyen rashi, ba wanda ya duba, wanda ya gani kuma ya yi miki kara. Amma "ana kan gwaji" na mako bakwai naki ne, haka shirun da kika yi a gaban matar nan. Shi ne mai gaggawa.

Kafin Litinin ki same ta ita kaɗai, ki gaya mata yadda kika gaya mini, ba ragi. Ta yafe nan take ko ta ɗauki fushi, haƙƙinta ne, kada ki matsa mata. Daga nan ki wuce wurin oga da magana a rubuce: ga abin da ya faru, ga wanda ya loda sunan, a janye gargaɗin. Mai yiwuwa ya dawo kanki. Ki karɓa. Shekara goma sha shida na aiki mai tsabta za su yi miki shaida.

Sannan ki jona mahaɗin a ranar, kada ki kwana da shi, kuma kada ki zauna ke kaɗai lokacin dannawa. Ki lura da wani abu: rumbun bai goge Auta ba. Manhajarki tambaya ɗaya take yi, wa ke bakin aiki yau, shi ya sa bai fito ba. Ki nemi izini ki yi wa rumbun wata tambayar: tafiya nawa direba na talatin da ɗaya ya yi, asibiti nawa ya kai wa magani? Ki buga amsar a takarda, ki ajiye ɗaya, sauran ki kai wa iyalinsa. 'Yan mintocin nan na safe da kike loda sunansa kuwa, ki mayar da su na yi masa addu'a. Ita ce take isa inda yake.

'Yar'uwa, mutumin da ya yi shekaru yana kai magani a kan lokaci, ta hanya mai ramuka ma, bai kamata sunansa ya zama dalilin da maras lafiya zai yini a benci ba. Ya gama aikinsa. Ke kika ɗauke shi, ke za ki sallame shi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa Litinin ta zo da sauƙi.