Sallama a Kan Kwalta

Yaya Sadiyya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Baba? Ki gaishe shi.

Nan Jidda sai godiya. Iƙamata, takardar izinin zama, ta fito, ina tuƙa iyalin kafilina, ubangidan da ya tsaya min, a unguwar Abhur. Kin tambayi tsohon gidanmu na unguwar Karantina a nan Jidda. Yaya, babu shi, an rushe unguwar an shimfiɗa kwalta. Inda Inna ke soya waina, yanzu motoci ke gudu. Kada ki damu, na saba. Sai dai duk na bi ta wurin, bakina kan suɓuce in yi sallama.

Ran nan Muath, ɗan kafilina, ya ce wa nake gaisarwa? Na faɗa masa. Ya ce a Amurka ma, inda ya yi karatu, haka hanyoyi suka cinye unguwanni kafin birane su bunƙasa. Na ce ni dai hanyar nan ke ciyar da ni, ba zan zage ta ba.

Ki aiko min daddawa ta hannun masu Umra.

Jiya da muka iso wurin, Muath ya ce in rage gudu. Shi ya riga ni yin sallamar. Allah ya saka masa, ya jiƙan Inna.

Ƙaninki,
Zaharaddeen