Ku Ajiye Ni a Ƙarƙashin Tagar Twaibu

Da sunan Allah. Ni ne Ajasi Mdoka, dillalin busasshen kifi. Ban yi makaranta ba, liman ke rubutawa ina faɗa. Ƙafa ta tafi, ido ya tafi, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce gigin tsufa ne.

Na ɗaya. Gonar masara ta 'yata Patuma ce, ita ta yi jinyata shekara uku. Keke da kwandunan kifi na Jafali. Asiyatu ta ɗauki akwatin uwarsu. Liman ya ce ba haka ake rabon gado ba. Na ce ya rubuta.

Na biyu. Twaibu, ɗana na fari, mai kakin shige da fice, ko allura ba shi da ita. Ya riga ya ci gadonsa, gasasshe.

Ranar da uwarku ta cika a asibiti, muka ɗauko ta za mu kai ta ƙauyen iyayenta a hayin Mozambik, yadda ake yi wa kowace mace a danginmu. A ƙofar iyaka abokan aikin Twaibu suka ce tawadar hatimi ta bushe. Kowa ya san maganin wannan bushewar. Na ce a kira mini Twaibu. Ya leƙo ta taga ya ce, Baba, kada ka kunyata ni gaban manyana, kowa ma bayarwa yake. Daga hantsi har la'asar uwarku na kwance a rana, Patuma na korar ƙuda da mayafinta. Sai da na kwance akuyar da muka jawo don sadakarta na miƙa musu, nan take tawada ta jiƙe. Da muka dawo washegari, fatar tana shanye a kan shingensu.

Na uku. An ce an turo masu bincike kan ma'aikatan iyaka, suna neman wanda zai buɗe baki. Gari ya yi gum, don kowa yana da abin ƙetarwa. Patuma, kai musu takardar nan da dangwalen yatsana. Idan sun tuɓe wa Twaibu kaki, kada wanda ya je roƙo. Jiya matarsa ta zo da ayaba, tana kuka, wai in dubi jikokina. Na ci ayabar.

Na huɗu. A binne ni kusa da uwarku. Kada ku bi ta hanyar daji, ku bi da ni ta ƙofar iyakar nan, kuma ranar da Twaibu yake bakin aiki. Kada ku ba da ko ƙwai. In tawada ta bushe, ku ajiye makarar a ƙarƙashin tagarsa ku koma inuwa. Ni ba sauri nake ba. Shi ne mai hanci.

Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama lafiya. Ku riƙe juna, ku ci a akushi ɗaya, kada wani ya shiga tsakaninku, ku ukun nan. Liman ya ce ku huɗu ne. Na iya ƙirga.