Binciken Asalin Jikar Janar

Fort Washington, Maris 2009

Ƙanwata Hajiya Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Zariya baki ɗaya. Mu nan sai godiya.

Maganar da ta tayar miki da hankali, ni na riga ki jin ta. Bara, a wajen wani suna a Springfield, Maitama mai tasi ya ja ni gefe, bakinsa cike da waina, ya ce wai Olive, yarinyar da ɗanki Kamal yake nema, kakan kakanta janar ne a Italiya, kuma wai korarsa aka yi don ya juya baya a fagen fama. Ban yarda da ko rabi ba. A ƙasar nan kowa jikan wani ne. Cikin mutanenmu ma 'ya'yan sarki sun fi garuruwanmu yawa. Ashe matar Maitama ta riga ta buga miki waya.

Kin ce in yi binciken asali yadda ake yi a gida: a ɓoye, ta bakin maƙwabta, kada 'yan gidan su sani. Na yi. Na zuba babbar riga na tafi unguwarsu a Annandale. Maƙwabcin dama ɗan Koriya ne, ya ɗauka gida nake son saye. Ta hagu ta bayan ƙofa ta amsa min, ta ce ba ta san sunansu ba, amma suna yanke ciyawar ƙofar gidansu a kan kari. Na ukun 'yan sanda ya kira min. Yaran kirki ne, har mota suka raka ni.

To ga abin da na samo: ba a ji hauka ba, ba a ji sata ba, suna yanke ciyawa. Saura janar. Tun da na bar aikin rediyo ba ni da abin da ya fi lokaci yawa, zan bi sawunsa.

A gaida kowa. Yayanki,
Tahir

Zariya, Afrilu 2009

Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardarka ta iso, yara sun yi dariya, ni ban yi ba. Kai komai sai ka mai da shi tatsuniya.

Mahaifin Kamal a Laberiya ya faɗi, da kakinsa a jikinsa, fuskarsa tana kallon gaba. Ban raini marayansa don ya haifo min jikoki masu jinin gudu ba. Addininta ban yi magana ba, malamai sun ce ya halatta. Amma in mutumin nan ya gudu, albarkata ba za ta kai can ba. Kamal ya rantse ba zai ɗaura aure ba sai na ce to. Bakina a rufe yake sai na ji daga gare ka.

Allah ya ƙara girma.
Sailuba

Fort Washington, Yuni 2009

Hajiya ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Gyara zama, Maitama bai yi ƙarya duka ba, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai.

Na yi ta jeka-ka-dawo a babban ɗakin karatu na birnin nan. Akwai janar ɗin, sunansa Ottavio Sarmenti. A zamaninsa Italiya ba ƙasa ɗaya ba ce, sarautu ne birjik, Ostiriya kuma ta danne arewacinsu. Yana saurayi ya shiga soja. Yaƙinsa na farko da Ostiriya kashi suka sha, ya dawo da harsashi a cinya, daga nan bai sake tafiya daidai ba. Aka tura su Kirimiya, inda kwalara ta fi bindiga kisa, ya binne abokansa ya komo. Aka sake gwabzawa da Ostiriya, wannan karon suka kore ta, ya hau tudu da ɗingishinsa a gaban yaransa, igwa tana aman wuta. A nan ya samu girma.

Bayan an haɗe ƙasar sai mutanen kudu suka tayar. Gwamnati ta sa musu suna 'yan fashi. Aka kashe sojoji kusa da wani ƙauye, aka ba shi runduna, aka ce ya je ya ƙone ƙauyen ƙurmus. Ya je har gadar da ke bakin garin, ya tsaya, ya daɗe a kan doki, sai ya ce a juya. Kotun soja ta tuɓe shi, jaridu suka kira shi matsoraci. A gidan ƙanwarsa ya mutu. Ɗansa ya tsallako Amurka yana sassaƙar dutse, daga shi gidansu Olive ya fito.

Me ya sa ya juya? Littafi bai faɗa ba, shi ma har ya mutu bai faɗa ba. A cikin gidansu magana biyu ce. Wasu sun ce mata ya gani suna wanki a ƙarƙashin gadar, da yara suna wasa a ruwa. Wasu sun ce labari ya zo masa cewa duwatsun da ke kewaye da garin cike suke da bindigogi, zuciyarsa ta karaya. Ni dai a ganina, wanda ya yi ta ɗingisawa zuwa bakin igwa tun yana saurayi ba a gada zai fara koyon tsoro ba. Amma hukunci naki ne.

Na bar ki lafiya.
Tahir

Zariya, Yuli 2009

Yaya,

Ina gaisuwa. Na littafi na ji. Amma maganar cikin gida, wa ya fitar maka da ita? Kai da bakinka ka ce maƙwabta ko sunansu ba su sani ba. In kai ka ƙaga matan nan masu wanki don ka sanyaya min zuciya, ka tuna tun muna yara na san ƙaryarka, da gyaran murya take farawa. Faɗa min sunan mai maganar, in san nauyin bakinsa. A kansa zan yanke.

Sailuba

Fort Washington, Agusta 2009

Sailuba,

Sallama. Ban ƙaga komai ba.

Labari ya kai gidansu yarinyar cewa wani tsoho mai babbar riga yana tambaya a kansu, ba su sha wahalar gane ni ba. Wata Lahadi da la'asar aka yi sallama a ƙofata. Mai maganar ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta gaishe ni da Hausarta mai santsi. Ta ba ni labarin wankin, sannan ta kama na tsoron. Kamal, da ya rako ta, yana ta ce mata da Turanci ta bar wannan, ba dole ba ne. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Kawu, ka gaya wa Mama duka biyun. Kada ta ce to a kan rabin labari."

Shekaruna sun yi yawa ina binciken asali, ban taɓa ganin gidan da ya kawo min aibinsa har ɗaki ba. Kin ce in faɗi suna ki auna bakin mai shi. To auna. Wadda ta gaya min duka biyun, har da ta tsoron, Olive ce.

Yayanki,
Tahir