Takardar Nan Bata Je Ofis Ba

Zuwa ga Sistata, farin wata ɗan daren sha huɗu, ruwan farkon damina, inuwar da mai walda yake gudu ya fake in ƙarfe ya gasa masa fuska, sanyin randa, tauraruwar da tafi wutar waldata haske, kuma kinsan wutata ba ta wasa bace.

Bayan gaisuwa mai yawa, kiyi haƙuri da rubutun, da hannuna nayi. Kafin ki yaga ki tsaya kiji albishir: takardar nan bata je ofis ba! Tana hannuna. Babu mai ɗaga ki daga ƙaramin asibitinki. Tun jiya nake tafiya kamar an sauke min buhun siminti daga ƙirji, har maƙwabcina mai faci yana tambaya ko gado naci.

Nasan laifina, bari in faɗe shi da bakina. Ranar da naji an kwashe ku daga babban asibiti an rarraba ku ƙananan asibitocin unguwa, wai yanzu nan ake so a fara duba mutane tun ciwo bai girma ba, ni abinda kunnena yaji kawai shine an rage miki matsayi. Ni da na cika layinmu da labarin wadda zan aura tana aiki a bene hawa huɗu, har da lifta? Yanzu ace ɗaki uku da benci da sikelin jarirai? Abokan sana'a suka sa ni gaba, wai an maida Sista mai rabon farasitamol. Zuciya ta ɗebe ni. Nasa mai buga takardu ya tsara roƙo a maida ke babban asibitin da kika baro, na miƙa wa Dogo, direban shugaban ofishin lafiya, wanda kullum nake ce miki shi da ogansa kamar wa da ƙane suke. Sannan na saka sabuwar riga nazo gidanku, na zauna gaban Gwaggo ina karkaɗa ƙafa, nace ki kwantar da hankali, namijin duniya ya gyara komai.

Baki ɗaga murya ba, kuma da kin ɗaga da yafi min sauƙi. Kika ajiye kofin shayi a hankali, kika ce ke kika cike fom da hannunki, wata shida kina zuwa kwas saboda aikin nan, kuma sau uku kina faɗa min ina can ina baki labarin ƙofar da na ƙera wa mai gidan mai. Kika ce ranar da takardar canji ta fito, in aiko a karɓar min zobena. Gwaggo ta dube ni daga hula har takalmi, tace Allah ya ƙara basira.

Ya fulawar zuciyata, kinsan me kwana tara yake nufi? Kwana tara Dogo yana hanya da ogansa, wayarsa bata shiga. Kwana tara ina rufe shago da hantsi, inzo in raɓe a ƙarshen bencinku tsakanin masu goyo, ke kuma kina wuce ni kamar turken lantarki. Wata tsohuwa ta tambaye ni ina jaririn nawa, nace Baba nine jaririn, awo aka kawo ni. Kowa yayi dariya banda ke. Amma naga gefen bakinki ya motsa, kada ki musa, idon mai walda baya kuskuren layi.

A bencin nan ne naga abinda na kusa ɓatawa. Likita sai Laraba. Sauran kwanaki ke ce da ungozoma, ku biyu rak. Ke ce mai awo, ke ce mai buɗe akwatin sanyi ki zaro allurar rigakafi, ke ce mai ɗaura wa tsofaffi abin gwada jini, ke ce mai rubuta kati, ke ce mai faɗa da wanda ya daina shan magani don yaji sauƙi. Tsohon telan nan da yake cewa shi lafiyarsa lau, naji kina tambayarsa ina maganin da kika bashi, ya fara sosa ƙeya, kika ce ai jiya kin biya ta gidansu matarsa ta nuna miki shi a cike. Ya akayi kika san gidan kowa, da sunan ɗan kowa, da wanda yake cika gishiri a miya?

Sai ranar Litinin da wata ta shigo da 'yarta tana cewa mura ce kawai a bata sirof. Kika ɗaga rigar yarinyar, kika zuba wa agogo ido kina ƙirga numfashi. Nan take kika bata magani na farko, kika rubuta takardar babban asibiti, kika leƙo kika ce wa yake da abin hawa. Shine kaɗai lokacin da kika dube ni a kwana tara. Na tashi har ina ture bokiti, na kai su babban asibitin. Shekaranjiya uwar ta tare ni a hanya, tace an sallame su, yarinya har tana ƙwace wa yayanta biskit.

Kin tuna haɗuwarmu? Tartsatsin ƙarfe ya shiga idona, nazo babban asibiti ina cewa ni wuta bata bani tsoro, kina matso da ruwan wanke ido na riƙe ƙarfen gado ina kiran Innata. Kika ce da na saka gilashi da bamu haɗu ba, kuma ku a nan sai abu ya gama lalacewa ake kawo muku. Ni lokacin idonki nake kallo da ido ɗayan da ya rage, ban ji maganar ba. Sai yanzu naji ta.

Bazan miki ƙarya ba, aikin nan yafi na can wuya. Naga ƙafarki ta kumbura cikin takalmi da la'asar. Naga abincinki ya huce a kan tebur har aka tashi. Naga ranar da auduga ta ƙare kina ta waya. Amma ban taɓa ganin fuskarki a sake haka ba, kamar gona bayan ruwa.

To jiya Dogo ya dawo. Na rutsa shi a wajen wankin mota, yana ta kame-kame wai oga yana nazari. Na buɗe akwatin gaban mota da kaina. Ga ta nan kwance ƙarƙashin tsumman goge gilashi, ambulan ko buɗewa ba'a yi ba, har da tabon mai. Ashe shekara huɗu, banda ina kwana da a sauka lafiya babu abinda yake haɗa Dogo da oga. Wallahi ban taɓa murna da ƙaryar mutum ba sai jiya. Na rungume shi, masu wanki suna kallo, nace Dogo Allah ya bar ka a yadda kake.

Ga ta nan na haɗo miki a rufe. Ki yaga, ko ki ƙona, ko ki ajiye don ranar da bakina zai sake yin tsawo. Ina roƙonki, ya kurciyar zuciyata, ki bar zoben nan a yatsanki. Ina zan kai shi? Wane yatsa ne a duniya ya kai?

Abu na ƙarshe. Ƙafar bencinku ta hagu tana rawa, kuma ƙofar ɗakin magani sai an ɗaga ta take rufuwa. Aikin minti ashirin ne a wajen gwani irina, injina ma yana kan amalanke tun safe. Amma ko ƙusa bazan taɓa ba sai kin ce. Tambaya nake, Sista: in zo?

Naki har ƙarfe ya daina jin wuta, har ranar da za'a ɗauke ni,
Sarkin Walda na bakin titi, mai jiran amsa.