Ki Ce Mata Sai Kin Zo

Zuwa ga ƙanwata, Maman Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Na ji ciwon gwiwar nan ya sake tasar miki, Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne. Na kuma ji matar Dogo ta sauka lafiya, Allah ya raya, ya sa kada yaron ya gado bakin ubansa. Ni ina nan yadda kika san ni, a 'yar rumfata ta bakin ƙofar sito. In babbar mota ta zo in ɗaga mata ƙarfe, in ta wuce in sauke. Aikin zaune ne, daidai da mai ƙafa ɗaya. In sanyi ya shigo dungulmin kan yi min zogi, har in kai hannu zan sosa yatsun da aka binne tuni. Ɗakinmu taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Alhamdu lillahi, ana ci ana sha.

Saƙonki ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe duk da kukan da ya cinye rabinsa. Kin ce Auta ta gama karatun nas, maimakon ta zauna a asibitin da ke kusa da ke, sai ta nemi aikin jinya a soja, har an kira ta horo. Kin ce ta rantse ba za ta tafi ba in Kawu ya ce a'a, tunda ni nake tsaye a matsayin mahaifinta tun da Allah ya karɓi ransa. Don haka kike so in ce a'a, magana ta mutu. Ke ma kika rantse cewa in ta tafi, ko bakin ƙofa ba za ki raka ta ba, sallamarta ma ba za ki amsa ba. Kika tambaye ni, wa ya fi ni sanin abin da kaki ke yi wa mutum?

Babu, ƙanwata. A nan kin yi gaskiya. Na shiga da ƙafa biyu da gashi baƙi, na fito da sanda. Ban manta zaman da na yi a barandar ofisoshi ina neman ƙafar robar da aka yi min alkawari ba. Benci ne dogo, fenti ya goge a inda mutane irina suka daɗe suna zama. Hafsa zai fito, in yunƙura in ƙame da ƙafar da ta rage min, ya dafa kafaɗata ya ce yana zuwa. Kin san "ina zuwa" irin tamu, wadda mutum ke faɗa alhali ƙeyarsa kike kallo. Wannan ya ce yana zuwa, wancan ya ce yana zuwa, har masu shara su fara ɗaga min ƙafa su share ƙarƙashin bencin. Daga ƙarshe wani kafinta ne ya sassaƙa min abin da na fara takawa. Shi ya sa na bar gida na zo nan, don in daina ganin kaki a hanya. Har yau in mutum ya ce min yana zuwa, sai in ji ɗaci a bakina.

Amma in zan faɗi laifin gidan soja, dole in faɗi abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da abin ya same ni, an jera mu a ƙasa cikin tanti, mu da yawa, ƙurar mota da warin jini sun cika wurin. Nas ɗaya ce a kanmu kafin likita ya iso, wata siririya mai anini a kafaɗa, ba ta fi Auta shekaru ba. Ina ihu ina kiran Inna, Allah ya ji ƙanta. Nas ɗin ta durƙusa, ta ƙara ɗaure min cinya da ƙarfi har na ga wuta, ta dubi idona ta ce tana zuwa. Sai ta tsallake ni ta tafi wurin wani da ke kwance shiru, ko nishi ba ya yi. Na ce a raina shi ke nan, an yar da ni. Ban san cewa haka aikinsu yake ba: mai ihu yana da sauran numfashi, mai shiru shi ne ke bakin tafiya. Na bi ta da maganganun da ba zan rubuta wa ƙanwata ba. Ba ta waiwayo ba. Can sai ga ta ta dawo, hannunta jina-jina, ta rataya min ƙarin ruwa a igiyar tantin, ta ce ai ta ce min tana zuwa, kuma mai ƙarfin zagi irin nawa ba yau zai mutu ba. A duk zamana a soja, ita kaɗai ta ce min tana zuwa kuma ta zo. Ban san sunanta ba. Ban san ko tana raye ba. Ita ma 'yar wata ce, kuma na tabbata uwarta ba da murna ta sake ta ba.

Duk da haka, wallahi da niyyar hana Auta na kira ta a waya. Na tsara maganata tsaf, har da muryar Kawu mai tsoratarwa. Na same ta a ɗakin marasa lafiya inda take taimakawa kafin lokacin tafiya. Na fara ke nan, na ji wani abu ya faɗi, ta ce min Kawu tana zuwa, ta kashe waya. Na yi tsaki na ajiye, na ce ga wata ta koyi yaren hafsoshi tun ba ta sa kaki ba. Motoci suka shiga suka fita, na ma cire rai. Sai ga waya. Ta ba ni haƙuri, ta ce wani tsoho ne ya zame daga gado, ta tsaya har ya dawo hayyacinsa. Ta ce in ci gaba da faɗan daga inda na tsaya, ta riƙe min wurin. Na gaya mata komai, bencin da sandar da waɗanda muka tafi tare ba su dawo ba, ban rage mata ko ɗaya ba. Sai ta ce tun tana ƙarama take ganin ina kwance ƙafa in jingine ta a bango, kowa a gida yana tsine wa waɗanda suka yar da ni, ita kuwa tambayar da ke ranta ita ce wa ya tsayar da jinin. Na ce mata mota ta zo, ina zuwa.

To, ga amsar, ke na fara kawo wa don ke ce uwa. Ba zan ce a'a ba. Na san za ki ce na ci amanarki, ki faɗa, na ɗauka. Ba zan kuma yi miki ƙaryar cewa za su riƙe ta da daraja ba, na san su. Ba zan ce miki lalle za ta dawo ba, wannan na Allah ne, kuma ko a gadonki take kwana na Allah ne. Abin da na sani shi ne, wani ɗan mutane zai kwanta a ƙasan tanti yana kiran uwarsa, kuma ba ni da fuskar da zan tare masa hanyar wadda za ta zo, ni da aka zo wa. In kina da hujjar da ta fi tawa, ki zaunar da ita ki gaya mata da bakinki, kada ki ɓuya a bayan ƙafata.

Roƙona ɗaya ne, ki janye rantsuwar nan taki. Ranar da za ta ɗauki jaka, na san ba dogon bankwana za ta yi miki ba, cewa za ta yi Umma tana zuwa. Kada ki juya mata baya. Ni an taɓa ce min haka na mayar da zagi, kuma ban sake samun wadda zan gyara wa amsar ba. Ki fito bakin ƙofa ko da gwiwar tana ciwo, ki dube ta, ki ce mata sai kin zo.

Ki gaida Gwaggo mai ɗinki, ki ce rigar sanyin ta yi min. Ki gaida Baba Ƙarami, da Dogo da mai jego, da 'yan biyu. Auta kuwa kada ki gaishe ta, zan kira ta da kaina. Na ce mata ina zuwa.

Naki yayanki,
Kawun yara