Rumanar Maman Auta

Litinin, 5 ga Mayu
Maman Auta ta tafi wajen 'yarmu Auta, cikin yarinyar ya tsufa kuma likita ya ce ta kwanta. Har ta shiga mota ta leƙo ta ce, "Malam, kar ka bar rumanata ta bushe." Ciyayinta na jikin katanga take nufi, waɗanda ta tono a daji. Na ce to.

Alhamis, 8 ga Mayu
An sauke siminti. Ban gaya mata ba. Bara a taɓon tsakar gidan nan ta zame ta karye a hannu, ni na yi ta ɗaura mata ɗankwali har ta warke. Kafin ta dawo magini zai shafe ko'ina, daga ƙofar kicin har katanga. In ta zo ta yi faɗanta, ya fi wata karayar.

Lahadi, 11 ga Mayu
Na dai ba ciyayin nata ruwa, tunda na ce to. Ganyen rumanar tsaye yake kamar takobi, kowane sabo daga cikin na baya yake fitowa. Me ke ƙasa? Na sa cokali na tono guda ɗaya. Kamar albasa, amma da tauri, ga wata tsohuwa a ƙarƙashinta duk ta motse. Na mayar na danne. Ina fata ban juya ta kai ƙasa ba.

Talata, 20 ga Mayu
Magini bai zo ba, wai ruwa ya hana shi gama wani aiki.

Juma'a, 23 ga Mayu
Ashe ciyayin nata ba iri ɗaya ba ne. Akwai wata ƙarama mai shuɗin fure, da safe ta buɗe, kafin azahar ta rufe abinta. Na zauna in ga lokacin da take rufewa, aka yi sallama a ƙofa, na dawo har ta gama. Gobe ba zan amsa wa kowa ba.

Laraba, 4 ga Yuni
Jinin Auta ya hau, an kwantar da ita asibiti. Muryar uwarta a waya duk ta dushe. Mun gama maganar magunguna, sai ta ce, "Na ji an sauke siminti." Matar maƙwabci ce ta kai mata labari, ba ko tantama. Na fara kawo zancen hannunta, ta katse ni. "Ka yi yadda ka ga ya dace, Malam. Sai dai inda na tono su yanzu shaguna ne. In sun tafi, sun tafi ke nan." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da na san abin cewa.
Na rasa inda zan sa kaina, na fita na cire wa ciyayinta ƙarangiya da tsidau. Sai da na tsaya ina tantance wace ce ciyawa, wace ce tata. A da duk ɗaya suke a idona.

Asabar, 14 ga Yuni
An yi wa Auta aiki. Mace. Uwa da 'ya lafiya, alhamdu lillahi.

Litinin, 16 ga Yuni
Magini ya zo da kayan aikinsa. Da safen nan kuma rumana ta farko ta buɗe, ruwan ɗorawa da ɗigon ja a ciki kamar an yayyafa. Daga ƙasan kara take farawa, na sama suna jiran layi. Wani ɗan tsuntsu mai dogon baki ya zo ya zura kai ciki. Wa ya gaya masa? Shekaru nake gidan nan ban taɓa ganinsa ba.
Magini ya ce, "Baba, in fara daga katanga?" Na ce ya ja mini siririyar hanya daga kicin zuwa famfo, ya karta ta don kar ta yi santsi. Ya ce sauran fa? Na ce sai na yi tunani. Ya kalli ciyayin, ya kalle ni, ya ce, "To, Baba," yana danne dariya.
Wadda na tono ita ma ta yi kara. Ashe daidai na mayar da ita.

Alhamis, 26 ga Yuni
Jibi Maman Auta take dawowa. Na share gida, na wanke labule.
Da zan je cefane na hango wani fure ruwan hoda a bakin kwata, bayan makaranta, inda ake zuba yashin gini. Babu irinsa a jikin katangarmu. Na wuce abina. Na dawo gida na ajiye kaya, sai ga ni na koma da fartanya da tsohon gwangwani. Ba wani abu ba, yashi ne zai danne shi a banza.
Ina durƙushe ina tono wani mai keke ya tsaya ya ce, "Baba, magani ne?" Na ce eh. Ya ce na mene ne? Na ce ban gama bincike ba tukuna.